Maigida, Dillali da Baitulmali: Cibiyoyin Gida da Tafiyar Tattalin Arzikin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun tattalin arzikin Kano da garuruwan da ke ci daga kasuwanninta, tun daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa yau, domin a ga rawar da cibiyoyin gida suka taka. Abin da take son tabbatarwa shi ne, tsarin maigida da dillali da lamuni ya daɗe da warware matsalar amana a saye da sayarwa, shi ya sa fatauci yake da ƙarfi, yake kuma saurin karɓar sabon abu. Sarrafa kaya kuwa yana neman abubuwan da ba mai iya samar wa kansa shi kaɗai, irin su ruwa da wuta da wurin gwajin inganci da jarin da zai jure jira. Cibiyar da ta taɓa ɗaukar wani ɓangare na wannan nauyi, wato En'e da baitulmalinta, ta tafi, kuma abin da ya gaje ta bai dogara da arzikin garin ba.

Gabatarwa

Kantin Kwari cike take da atamfa da shadda da leshi, masu sari na zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru, amma mafi yawan abin da ke cikin shagunan daga ƙasar Sin aka kawo shi. Ba da nisa ba, a Bompai da Sharaɗa da Challawa, masaƙun da suka ɗauki dubban ma'aikata a shekarun 1980 yawancinsu a rufe suke. Idan aka tambayi dalili, amsar da aka saba ji ita ce rashin wuta, da fasa-ƙwauri, da karyewar naira bayan shirin SAP na 1986, da cire ƙayyade cinikin tufafi na duniya a farkon 2005 wanda ya buɗe wa kayan Sin ƙofa. Duk waɗannan gaskiya ne. Sai dai guguwar da ta kayar da masaƙa ta bi ta kan ɗan kasuwa shi ma, ga shi kuwa yana nan, har ya ƙara faɗi. Tambayar wannan maƙala ke nan: me ɗan kasuwar Kano yake jingina da shi wanda mai masana'anta bai samu ba?

Cibiyoyin gida a nan na nufin ƙa'idojin da mutanen wuri suke bi wajen hulɗar dukiya, rubutattu da waɗanda ba a rubuta ba, tare da masu tabbatar da an bi su: maigida, sarkin kasuwa, alƙali, ƙungiyar 'yan kasuwa, ƙaramar hukuma. Douglass North, wanda ya samu kyautar Nobel a 1993, ya gina nazarinsa a kan cewa irin waɗannan ƙa'idoji su ke yanke yawan wahalar da mutum zai sha kafin ya yarda ya ba wani kayansa. Tun a 1890 kuma Alfred Marshall ya lura da garuruwan Ingila irin su Sheffield, inda masu sana'a ɗaya suka taru, har yara ke tashi da ita ba tare da an zaunar da su an koya musu ba. Waɗannan ra'ayoyi biyu su ne ma'aunin da za a ɗora Kano a kai.

Karofi da ayari

Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kusan 30,000, ya kuma ƙiyasta tufafin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla. Turkuɗi da rawunan Kura sun kai har Agadas da Timbuktu. Binciken Philip Shea na 1975 ya nuna cewa wannan bunƙasa na da nasaba da wani sauyi na fasaha. Marina sun bar rini a manyan tukwane, suka koma haƙa rijiyoyi masu zurfi suna shafe su da laso, wanda ake haɗawa da katsi da dafara da gashin jima. Rijiya ta fi tukunya ɗaukar baba, ta fi ta daɗewa, kuɗin rina kowane zane ya sauka. Abin lura shi ne kayan haɗin: katsi ragowar karofi ne, gashi kuma daga majema yake fitowa. Kusancin sana'o'in biyu ne ya haifi dabarar, daidai da abin da Marshall ya gani a Ingila. Daular Sakkwato ta ba da faffaɗar kasuwa mai kuɗi ɗaya da shari'a ɗaya. Bai kuma kamata a rufe ido ga cewa wani ɓangare na auduga da baban da ake rinin da su bayi ne suka noma a gandaye ba.

A ɓangaren fatauci, Paul Lovejoy ya rubuta tarihin cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, inda ya nuna cewa Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka riƙe shi. Asali ɗaya da auratayya sun sa bashi na yawo a tsakaninsu ba tare da fargaba ba, madugu kuma ya ɗauki nauyin ayari da yarjejeniya da sarakunan hanya. Amma wanda ya fi fito da yadda tsarin ke aiki ciki da waje shi ne Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan. Falke ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigida. Maigida ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillalansa. Mahauta, waɗanda Yarabawa ne kuma falken bai san su ba, sukan ɗauki shanun bashi, sai sun yanka sun sayar su biya. Maigida ne ke tsayawa lamuni: in mahauci ya gudu da kuɗi, daga aljihunsa zai biya. Saboda haka aikinsa na gaskiya shi ne sanin kowane mahauci, nawa ake bin sa, yaya ya biya na baya. Wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai zaga kara, ba mai sake ba shi ko ɗan maraƙi. Dukiya mai yawa tana wucewa ta wannan hanya ba takarda ba sa hannu. Idan rigima ta fi ƙarfin masu gida, Sarkin Hausawa ke yanke ta.

Wannan tsari ya haɗa aikin banki da na kamfanin inshora da na kotu a hannun mutum ɗaya, kuma la'ada ce kuɗin aikin. Masu kallon dillali a matsayin ɗan tsakiyar da ke cin gumin wasu sun manta da haɗarin da yake ɗauke wa ɓangarorin biyu.

Gyaɗa

Jarrabawar tsarin ta zo da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911 aka fara jigilar kaya da shi a 1912. Turawa auduga suke so. Ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1902, ta sa rai Arewa za ta ciyar da masaƙun Lankasha. Ba haka aka yi ba, domin masaƙan gida na biyan auduga fiye da farashin da Bature ke tayawa. Jan Hogendorn ya nuna cewa tsofaffin fataken goro ne suka hango gyaɗa. Mutane irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo da Adamu Jakada suka karɓi kuɗi daga kamfanonin Turawa, suka baza yaransu ƙauyuka suna ba manoma kafin alƙalami, suna kuma yi musu alkawarin saye. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga ƙasa da tan 3,000 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Manomi ya karɓe ta saboda ana iya shuka ta tare da gero, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Alhassan Ɗantata, Ba'agale daga Bebeji wanda ya yi fataucin goro a Kumasi, ya shigo daga baya ya zarce kowa.

Ba malamin gona ko ɗaya da ya shirya wannan sauyi. Hanyar da goro ke bi ce aka ɗora wa gyaɗa, da yaran da aka sani, da amanar da aka riga aka gina. Haka abin yake maimaituwa har yau. Emmanuel Grégoire ya ga irinsa a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, waɗanda suka faro da gyaɗa suka koma cinikin tsallaka iyaka lokacin yaƙin basasar Nijeriya, duk a kan dangantakar ubangida da bara. Da wayar hannu ta shiga kasuwannin hatsi na Nijar a farkon shekarun 2000, binciken Jenny Aker ya gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. 'Yan kasuwar sun riga sun san wanda za su kira. Wayar ta rage musu tafiya ce kawai.

Baitulmali

Akwai wata cibiya ta daban wadda nazarin kasuwancin Hausa bai cika waiwayarta ba. A ƙarƙashin mulkin mallaka, En'e tana tattara haraji da jangali, ta riƙe kaso mai tsoka a baitulmalinta, da farko rabi. Ta Kano ce mafi arziki a Arewa. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, da kuɗin wannan baitulmali aka jawo wa birni ruwan famfo daga kogin Challawa aka kuma sa wutar lantarki a farkon shekarun 1930. Ba ina wanke En'e ba ne. Zaluncin masu karɓar haraji da 'yan doka da aikin tilas sanannu ne, kuma su ne suka ba jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano magoya baya. Maganar da nake yi ta lissafi ce: in gyaɗa ta yi kuɗi, haraji ya shigo da sauƙi, in gari ya talauce, baitulmali ta bushe. Masu riƙe da ita suna da dalilin kansu na son garin ya yi arziki.

An warware wannan ƙulli sannu a hankali. Hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949, da ta Jihar Arewa da ta gaje ta a 1954, sun riƙa sayen amfanin gona ƙasa da farashin duniya suna tara rarar. Da irin wannan rara aka kafa masaƙar Kaduna a 1957 tare da kamfanin David Whitehead na Ingila. Aiki ne mai amfani, amma shawarar inda kuɗin manomin Kano zai tafi ta koma Kaduna. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran 1976 kuma ya kafa ƙananan hukumomi irin na yau. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, kuma talakan da ya sha ɗauri a kansu bai yi kuskure da ya yi murna ba. A daidai wannan tsakani gyaɗar kanta ta faɗi, bayan farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka mata a 1975. Abin da ya rage shi ne ƙananan hukumomi, 44 a Jihar Kano a yau, waɗanda kusan duk abin da suke kashewa daga asusun tarayya yake zuwa. Ko masana'antun da ke yankin shugaban ƙaramar hukuma sun rufe gaba ɗaya, kasonsa na wata ba zai ragu ba.

Inda tsarin maigida ya tsaya

Lamunin maigida na gajeren zango ne. Shanu, goro, atamfa, hatsi, duk kaya ne da ke juyawa cikin kwanaki ko makonni, kuma maigida na iya ganin su da idonsa. Injin saƙa sai ya yi shekaru kafin ya mai da uwar kuɗi. Sannan yadda tsarin ke hayayyafa bai gina babban kamfani. Yaro ya yi wa maigida hidima shekaru, a sallame shi da jari, ya buɗe shago irin na ubangidansa, sau da yawa a layi ɗaya. 'Yan kasuwa na ƙaruwa, kowanne da ɗan ƙarfinsa. In maigida ya rasu aka raba gado, kasuwancin da ba a yi masa rajistar kamfani mai hannun jari ba yakan watse tare da rabon. Gidan Ɗantata ya tsallake wannan, har jikan gidan ta wajen uwa, Aliko Ɗangote, ya fara kasuwanci a ƙarshen shekarun 1970 da rancen dangi. Amma manyan masana'antunsa suna Obajana da Ibese da Lekki, inda dutsen siminti da tashar jirgin ruwa suke. Kano ta ba da tarbiyyar kasuwanci, injinan suka sauka wani wuri.

Fata ta fi komai nuna giɓin. Fatar jan akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take isa gare su, har yanzu ana jeme ta a Challawa da Sharaɗa da Bompai, a fitar da mafi yawanta zuwa ƙasashe irin su Italiya da Sifen, inda ake mai da ita takalma da jakunkuna. Ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin jima na Italiya shi ne yankin Santa Croce da ke gaɓar kogin Arno. Majemun can ƙanana ne, yawancinsu na iyali, ba su fi na Kano girma ba. Abin da suke da shi shi ne tun shekarun 1970 aka gina musu wurin tace dagwalo na haɗin gwiwa wanda su da hukumomin garuruwansu ke gudanarwa, suka kuma haɗa kai suka kafa wani wurin da ke tsamo sinadarin kurom daga ruwan jima a sake amfani da shi. A Kano, binciken jami'o'i ya daɗe yana nuna yadda ruwan majemu ke gurɓata kogin Challawa da Jakara. Ba majemin da zai iya gina matata shi kaɗai ya kuma ci riba, kuma masu sayen fata na Turai na ƙara tsananta sharuɗɗan muhalli. Cibiyar binciken fata tana nan a Samaru, Zariya, masu ɗinkin takalma suna Ƙofar Wambai, majemu suna Challawa, amma ba wata hukuma ko ƙungiya da aikinta shi ne ta haɗa su.

A lardin Emiliya-Romanya na Italiya an ga irin wannan haɗin kai tun da wuri. A 1953 hukumar birnin Modena ta sayi fili ta yanka shi, ta sayar da araha ga ma'aikatan da masana'antu suka sallama domin su buɗe ƙananan wuraren sana'a. Ƙungiyar masu sana'ar hannu ta CNA na riƙe wa mambobinta lissafin kuɗi da na albashi, ƙungiyoyin lamuni kuma na tsaya musu a banki. A garin Carpi an buɗe cibiya a 1980 da ke sanar da ƙananan masu saƙa yayin da za a yi a kaka mai zuwa. Sebastiano Brusco ya bayyana wannan tsari a 1982. Wani zai ce Italiya daban, Kano daban, kuma Robert Putnam ma ya danganta nasarar arewacin Italiya da tsohuwar al'adar yarda da juna. Amma yarda da juna ba ita Kano ta rasa ba. Mutanen da ke ba da kayan miliyoyi da baki ba za a ce ba su san amana ba. Bambancin shi ne a can ƙungiyar sana'a ta wuce sasanta rigima da karɓar kuɗin shara, ta zama mai mallakar kayan aiki.

Tumatir da wake

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Audu Baƙo, ita ta mai da Kura da Kadawa da Garun Malam cibiyar noman rani. A 2016 kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar markaɗa tumatir a Kadawa mai iya ɗaukar tan 1,200 a rana. Cikin 'yan watanni ta tsaya, bayan tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, kuma bayan nan ta yi ta buɗewa tana rufewa saboda ƙarancin tumatir. A ganina matsalar ta fi tsutsa zurfi. Masana'anta na son farashi tsayayye da kaya kullum. Manomi kuwa in kwando ya yi tsada a Kwanar Gafan, can zai kai, kuma ba laifinsa ba ne, domin dillalin can ne ya ranta masa kuɗin taki, shi ne kuma zai zo ranar suna. Yarjejeniyar takarda ba ta da mai tsaya mata lamuni a ƙauye. An gina injin, ba a nemi wanda zai yi aikin da maigidan Sabo yake yi tsakanin falke da mahauci ba. Rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya gamu da irin wannan cikas wajen biya, a yankunan da manoman ba sa wasa da bashin ɗan kasuwa.

Kasuwar Dawanau, wadda aka kafa a tsakiyar shekarun 1980, tana nuna ɗayar fuskar. Daga nan ake tara riɗi da zoɓo da citta da wake a tsaftace a fitar waje, kuma shugabannin sassanta na da ikon dakatar da wanda ya yi algus ko ya ci bashi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda ake zuba wa buhu don gudun ƙwaro. Haramcin ya hau kan kowa, har da wanda bai taɓa zuba komai ba. Sunan kirki na ɗan kasuwa ɗaya ba ya buɗe tashar jirgin ruwa ta Turai. Ana buƙatar ɗakin gwaji a bakin kasuwa, da rumbunan da iska ba ta shiga, da shaidar da mai saye a waje zai yarda da ita. Ikon hukunta mamba yana hannun ƙungiya, ilimin gwaji yana Jami'ar Bayero da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, fili da hanya suna hannun hukuma. Ƙungiyar ce kaɗai a cikinsu take da dalilin kuɗi na ganin abin ya yi aiki, don haka ita ya kamata ta mallake shi, a biya shi daga wani abu kaɗan a kan kowane buhu, kamar yadda ake cire la'ada.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ba. Ko an aiwatar da shi yadda ya kamata, kuɗin daga Abuja zai ci gaba da zuwa, kuma shugaban ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, inda kasuwar Dawanau take, zai karɓi nasa ko waken Dawanau ya shiga Turai ko bai shiga ba. Gyaran da zai taɓa lissafin shi ne a ware wani kaso na kuɗin shigar da ake karɓa a kasuwa ya tsaya a kasuwar, a kashe shi da sa hannun shugabannin 'yan kasuwa, a kuma liƙa lissafinsa a inda masu biya za su karanta.